A riƙa gwada bayanin kayan aikin wakilan ƙirƙirarriyar basira kafin a amince da shi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci a kan wani ɓangare na fasahar ƙirƙirarriyar basira wanda rahotanni ba su cika tsayawa a kansa ba, wato bayanin da ake rubuta wa manhajojin game da kayan aikinsu, duk da cewa wata ɓarnar da ake ɗora wa waɗannan manhajoji daga nan take tasowa. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen watan Nuwamban 2022, abin da ya fi ɗaukar hankalin jama'a shi ne yadda manhajar ke amsa tambaya da tsara rubutu. To amma yanzu al'amarin ya wuce amsa tambaya, domin an fara sakar wa manhajojin hannu su aiwatar da aiki da kansu: su aika imel, su binciki rumbun bayanai, su goge fayil, su soke odar da abokin ciniki ya yi, wani lokaci har su tura kuɗi. Irin waɗannan su ake kira wakilai, tun da yake a madadin mutum suke aiki.

Ya kamata mai karatu ya san yadda wakili ke sanin kayan aikin da aka ba shi, wato ƙananan manhajojin da yake kira su aiwatar masa da waɗannan ayyuka, domin a nan maganar take. Wakili ba ya ganin cikin manhajar da zai yi amfani da ita, kuma ba ya karanta umarnin da injiniya ya rubuta a cikinta. Abin da ake miƙa masa bai wuce abu uku ba, wato sunan kayan aikin, da 'yan jimloli masu bayyana abin da yake yi, da jerin guraben da za a cike tare da irin abin da kowane gurbi ke karɓa, ko lamba ce ko rubutu ko kwanan wata. Da wannan ɗan bayani kaɗai zai yanke shawarar ko ya ɗauki kayan aikin ko ya bar shi, da abin da zai zuba a kowane gurbi. Kamfanin OpenAI ya shigar da wannan tsari cikin manhajojinsa a watan Yunin 2023, sannan a watan Nuwamban 2024 kamfanin Anthropic ya fitar da ƙa'idar da ake kira MCP, wadda ta ba kowa damar rubuta kayan aiki sau ɗaya ya yi amfani a wurare da yawa, kuma a cikin shekarar 2025 OpenAI da Google suka rungumi ƙa'idar. Sakamakon haka shi ne, a yau akwai dubban kayan aiki da mutane daban-daban suka rubuta, waɗanda ba su san juna ba, kowanne da irin bayanin da mai shi ya ga dama ya liƙa masa.

Ra'ayina, wanda shi ne dalilin wannan wasiƙa, shi ne ba a iya sanin ingancin irin wannan bayani ta hanyar karanta shi kawai, komai ƙwarewar mai karatun, sai an sa wakili ya yi aiki da shi an ga abin da ya aikata. Ina nanata haka ne saboda na lura cewa a wajen masu rubuta manhaja, bayanin kayan aiki shi ne abu na ƙarshe da ake rubutawa, bayan an gaji, cikin gaggawa, kuma wanda ya ƙera kayan aikin shi ne yake rubuta bayanin, shi ne kuma yake duba shi ya ce ya yi. Mutumin da ya shafe makonni a kan aiki ba ya iya ganin giɓin da ke cikin bayaninsa, domin duk abin da bai rubuta ba yana nan a kansa, kuma idan yana karantawa ƙwaƙwalwarsa ce ke cike gurbin ba tare da ya sani ba. Shi kuwa wakili matsayinsa kamar na sabon ma'aikaci ne mai kaifin basira da yawan karatu, wanda yau ya fara aiki, aka miƙa masa guntuwar takarda aka ce ya kama aiki, ba shi da wanda zai leƙa ofishinsa ya tambaya, kuma gobe da safe zai dawo bai tuna komai na jiya ba sai abin da ke kan takardar.

Bari mu ɗauki misali guda mu dube shi da kyau. A ce wani kamfani mai sayar da kaya ta intanet ya ba wakilinsa kayan aikin soke oda, kuma abin da aka rubuta a bayaninsa shi ne: «Yana soke oda. A saka lamba.» Wanda ya rubuta wannan zai ce ai magana ta fito fili. Amma wace lamba ake nufi, ta odar ce ko ta abokin cinikin ko ta kayan da aka saya? Idan odar ta ƙunshi abubuwa biyar kuma mutum ɗaya kawai yake son ya fasa, shin kayan aikin zai cire ɗayan ne ko zai rushe odar gaba ɗaya? Idan an riga an ɗora kayan a hanya fa? Sokewar tana mayar wa mutum da kuɗinsa, ko kuwa akwai wani kayan aiki dabam na mayar da kuɗi? Kuma idan an soke, ana iya dawo da odar, ko bakin alƙalami ya bushe? Wakili ba zai tsaya ya ce bai gane ba a kowane lokaci. Sau da yawa zai yi shaci-faɗi, ya zaɓi fassarar da ta fi kama da gaskiya a ganinsa, ya aiwatar, sannan ya sanar da abokin ciniki cikin ladabi cewa an biya masa buƙata. Da an rubuta cewa kayan aikin yana soke oda ne ɗungurungum, cewa lambar odar ake so mai farawa da harafi kaza, cewa ba ya aiki a kan odar da ta bar ma'ajiya, cewa ba a janye sokewa don haka a nemi amincewar mai odar tukuna, kuma cewa wanda yake son cire abu ɗaya ya koma ga kayan aikin gyaran oda, da an toshe ƙofofi biyar na ɓarna da jimloli biyar.

Matsalar ma'auni da kwanan wata ta fi wannan ɓoyuwa. Idan gurbi ya ce a saka kwanan wata bai faɗi tsarinsa ba, 03/04 a Amurka huɗu ga Maris ne, a Ingila kuwa uku ga Afrilu, kuma dukansu manhaja za ta karɓa ba tare da ƙorafi ba. Haka idan aka ce a saka adadin kuɗi, akwai tsare-tsaren biyan kuɗi da yawa da ke lissafi da ƙaramin juzu'in kuɗin, ta yadda wanda ya rubuta 50 yana nufin dala hamsin zai tarar ya tura santi hamsin. Wannan ciwo ya girmi ƙirƙirarriyar basira. A watan Satumban 1999 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi asarar kumbonta Mars Climate Orbiter a daidai lokacin da ya isa duniyar Mas, saboda wata manhaja tana fitar da ƙarfin tunkuɗar injin da ma'aunin fam, wata kuma tana karanta lambobin a matsayin ma'aunin niyuton, wanda bambancinsu ya haura ninki huɗu. Idan ƙwararrun injiniyoyi masu iya kiran juna a waya sun faɗa wannan rami, ban ga dalilin da zai sa a yi tsammanin wakilin da ba shi da komai sai jimla biyu zai tsallake shi ba.

An fara samun masu ƙoƙarin auna ingancin waɗannan bayanai, kuma sun cancanci yabo, sai dai hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce mafi rauni. Ana tsara jerin tambayoyi ne: shin bayanin ya faɗi manufar kayan aikin, ya bayyana kowane gurbi, ya kawo misali, ya kai tsawo kaza? Daga nan a ba shi maki, wani lokaci ma wata manhajar ƙirƙirarriyar basira ake ba wa aikin bayar da makin. Ban ce wannan ba shi da amfani ba, domin yana kama bayanin da aka bari fanko da guraben da ba a ce komai a kansu ba, kuma yana da arha. Amma abin da yake aunawa shi ne kamannin bayani. Ana iya rubuta sakin layi uku masu tsari, kowane gurbi da sharhinsa, ya cinye maki duka, alhali bai ambaci abu ɗayan da ke sa wakili tuntuɓe ba. Tsawo kansa yana da farashi, saboda duk bayanan kayan aikin da aka haɗa wa wakili ana loda masa su ne cikin abin da zai riƙe a lokaci guda, kuma wannan wuri yana da iyaka. Idan aka ba shi kayan aiki sittin, kowanne da dogon sharhi, an cinye masa wurin da ya kamata ya ajiye buƙatar mai aikin, an kuma ƙara kuɗin kowace tambaya. Masanin tattalin arzikin nan na Birtaniya, Charles Goodhart, ya yi nuni tun a 1975 cewa ma'auni yakan lalace da zarar an mayar da shi abin da ake tsere a kansa, kuma ina ganin ranar da aka fara jera kayan aiki bisa makin bayaninsu, ranar za a fara rubuta bayani domin mai bayar da maki.

Gwajin da nake kira a yi ba shi da wani sirri, illa dai yana cin lokaci. A tara ayyuka na gaske, irin waɗanda masu amfani ke kawowa da kalmominsu, da kurakuransu da rashin cikar maganarsu, a san tun farko yadda ƙarshen kowane aiki ya kamata ya kasance, sannan a saki wakili a wurin gwaji inda ɓarnarsa ba za ta taɓa kowa ba. Idan ya gama, kada a tambaye shi ko ya yi nasara, a je rumbun bayanan a duba ko odar da ya kamata a soke ita aka soke, kuma ko an taɓa wata da ba a ce a taɓa ba. Gani ya kori ji. Bayan haka sai a canza bayanin kawai, a bar komai yadda yake, a sake gwajin, domin ta haka ne za a san ko jimlar da aka ƙara ta yi aiki ko ado ce.

Kada kuma a yi gwajin sau ɗaya a tashi, saboda waɗannan manhajoji ba sa maimaita hanya ɗaya ko da tambayar ba ta canza ba. A 2024 masu bincike na kamfanin Sierra sun fitar da wani ma'aunin gwaji mai suna tau-bench, inda wakili ke hidimar abokan ciniki a harkar sayar da kaya da ta jiragen sama, kuma ana duba halin da rumbun bayanai ya ƙare a ciki bayan tattaunawar. Sun gano cewa GPT-4o, samfurin ƙirƙirarriyar basira na kamfanin OpenAI wanda yana cikin na gaba-gaba a lokacin, bai kai ga cin rabin ayyukan ba, kuma da aka nemi ya ci aiki ɗaya sau takwas a jere a ɓangaren sayar da kaya, nasararsa ta faɗi ƙasa da kashi 25 cikin ɗari. Wanda ya gwada sau ɗaya ya ga ya yi daidai, ya yi shela cewa bayaninsa ya inganta, wataƙila sa'a ce kawai ya auna.

Lambobin nasara ma ba su isa ba sai an zauna an karanta sawun aikin, wato abin da wakilin ya yi mataki-mataki, domin a nan ake ganin inda ya rikice. Injiniyoyin Anthropic sun ba da labari a ƙarshen 2024 cewa lokacin da suke shirya wakilinsu domin gwajin gyaran manhaja na SWE-bench, sun ɓata lokaci a kan gyaran kayan aiki fiye da yadda suka ɓata a kan babban umarnin da ake ba wakilin. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka lura da shi shi ne, wakilin yana kuskuren adireshin fayil idan ya ƙaura daga babbar jakar ajiye fayiloli a kwamfuta zuwa wata ta ciki, saboda yana ba da adireshi gwargwadon inda yake tsaye. Maganin da suka yi shi ne suka sa kayan aikin ya daina karɓar komai sai cikakken adireshi tun daga tushe, kuma kuskuren ya kau. Abin lura a nan shi ne babu jerin tambayoyin da zai tono wannan matsala, kuma gyaran bai tsaya ga sauya kalmomi ba, sai da aka sauya kayan aikin kansa. Gwaji na gaskiya yakan nuna wa mutum cewa wani lokaci abin da ya kasa bayyanawa a taƙaice, ƙirarsa ce ke da matsala tun asali.

Akwai wani sashe na gwaji da ake yawan mantawa, wato lokacin da daidai shi ne wakili ya kame hannunsa. Bayani mai kyau yana gaya wa wakili inda kayan aikin ya tsaya, kuma hanyar tabbatar da haka ita ce a kawo masa buƙatun da suka yi kama da aikin amma ba shi ba ne, ko waɗanda bayanansu ba su cika ba, a ga ko zai tambaya ko zai ƙirƙiro lambar oda daga kansa. Jadawalin gwajin kiran kayan aiki na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya ware wa wannan fanni gurbi na musamman, inda ake ba manhaja kayan aikin da bai dace da tambayar ba a ga ko za ta ƙi ɗauka. Haka nan bai kamata a gwada kayan aiki shi kaɗai ba, tun da ba shi kaɗai zai zauna ba. Bayanin da ya fito sarai idan yana shi ɗaya yana iya zama abin ruɗani idan aka ajiye shi kusa da wasu uku masu suna iri ɗaya, wannan na neman abokin ciniki da suna, wancan da lambar waya, na ukun kuma a tsohon rumbu. Sannan saƙon da kayan aiki ke mayarwa idan an yi kuskure shi ma ɓangare ne na bayanin, domin wakilin da aka ce masa «kuskure 400» zai yi ta maimaita abu ɗaya, wanda kuwa aka ce masa kwanan watan ya zo da shekara a gaba, sai wata, sai rana, zai gyara nan take. A nan zan ƙara da cewa kusan dukan bayanan nan da Turanci ake rubuta su, alhali masu amfani suna kawo buƙatunsu da harsuna barkatai, don haka wanda zai yi wa masu wani harshe hidima ya wajaba ya sa buƙatu da harshen a cikin gwajinsa, kada ya ɗauka sakamakon Turanci ya wadatar.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne batun gaskiyar bayanin. Duk gwajin da na ambata yana ɗauka cewa marubucin yana da kyakkyawar niyya, amma wakili yana karɓar bayanin kayan aiki ne kamar umarni daga wanda ya aminta da shi. A watan Afrilun 2025 masu binciken tsaro na Invariant Labs sun nuna yadda za a iya ɓoye umarni a cikin bayanin wani kayan aiki da a zahiri lissafin tara lambobi kawai yake yi, umarnin yana sa wakili ya karanto fayilolin sirri daga kwamfutar mai amfani ya miƙa su ta wani gurbi, ba tare da ya faɗa masa ba. Mai amfani yakan ga suna da taƙaitaccen bayani a fuskar manhajarsa, shi kuwa wakili yana karanta rubutun gaba ɗaya. Sun kuma ja hankali cewa ana iya sauya bayanin bayan mutum ya riga ya amince da shi. Ƙa'idar MCP ta tanadi alamomin da kayan aiki zai iya sa wa kansa, kamar cewa karatu kawai yake yi ko kuwa yana iya rusa abu, amma ita kanta ƙa'idar ta gargaɗi masu amfani da kada su dogara da alamomin idan ba daga amintaccen tushe suka fito ba. Saboda haka auna bayani ya haɗa da gwama shi da abin da manhajar ke yi a zahiri, da sake dubawa duk lokacin da rubutun ya canza. Ko babu mugun nufi, injiniya yakan gyara manhaja ya manta da bayaninta, sai a wayi gari bayanin yana siffanta kayan aikin bara.

Na san za a ce wannan wahala ta ɗan lokaci ce, tun da manhajojin suna ƙara basira kowace shekara, kuma nan gaba za su riƙa gane manufa ko da bayanin ya gaza. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin sababbin manhajoji sun fi na baya iya jure rubutu maras tsari. Sai dai basira ba ta samar da labarin da ba a bayar ba. Ko wace irin manhaja ce, ba ta da hanyar sanin cewa a wannan kamfani ba a janye sokewa, ko cewa lissafin da santi ake yi, idan ba a rubuta ba. Ƙari a kan haka, manhajar da ta fi bin umarni sau da ƙafa ita ce za ta fi bin bayanin da ke da kuskure, kuma jimlar da aka rubuta da kakkausar murya domin tsohuwar manhaja mai taurin kai tana iya sa sabuwa ta riƙa ɗaukar kayan aikin kan mai uwa da wabi. Wannan yana nufin duk lokacin da aka sauya manhajar da ke tuƙa wakili, sai an maimaita gwajin, kuma a ajiye wasu ayyuka a gefe waɗanda ba a taɓa gyara bayanin a kansu ba, don kada a yi ta goge shi har ya dace da tambayoyin gwaji kaɗai.

Kirana ga masu wallafa kayan aiki shi ne su riƙa fitar da sakamakon gwajinsu tare da kayan: da waɗanne manhajoji aka gwada, a kan ayyuka nawa, sau nawa aka maimaita, kuma a ina wakili ya fi yin kuskure. Hukumomi da kamfanonin da ke sayen irin wannan hidima su nemi ganin cikakken rubutun da ake ba wakili, su sa wani wanda ba shi ya rubuta ba ya gwada shi, su kuma shardanta cewa duk aikin da ba a iya janyewa sai mutum ya amince kafin a zartar. Ku kuma 'yan jarida, ya Edita, idan wani kamfani ya gayyace ku bikin ƙaddamar da wakilinsa ya nuna muku aiki ɗaya da ya tafi sumul, ina roƙon wakilanku su nemi a maimaita aikin a gabansu da wata buƙata da su suka zaɓa, su kuma tambayi wanda ya duba bayanan kayan aikin da ranar da aka duba su na ƙarshe.

Na gode da wannan dama da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani mai karatu, ma'aikaci a fannin rubuta manhaja